Fitilar Hazo: Amfaninta da Inda Ya Kamata a Ɗaura Ta a Jikin Mota

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa yin sammako daga Kano zuwa Katsina, ko daga Zariya zuwa Funtuwa, a tsakiyar watan Janairu, ya san yadda hanya takan koma idan hazo ya sauka sosai. Direba yakan duƙufa a kan sitiyari ya ƙura ido, hirar fasinjoji ta ɗauke, motar da ke gaba kuwa ba a ganinta sai an zo dab da ita. A irin wannan hali ne akan ji wani daga kujerar baya ya ce, "Malam direba, ƙara wuta mana." Shi kuwa da zarar ya ƙara, sai gabansa ya koma kamar an shanya masa farin ƙyalle, ɗan abin da yake gani ma ya ɓace.

Wannan matsala ce ta sa maƙera motoci suka fito da wata fitila ta musamman, wadda za mu kira fitilar hazo. A yau da wuya mutum ya shiga tasha bai ga motocin da aka liƙa wa ƙarin fitilu ba, wasu a kan bamba, wasu a kan rufi, kuma masu su da sunan maganin hazo suka saya. Amma da yawa daga cikin fitilun nan ba na hazo ba ne, waɗanda suke na hazon kuwa sau da yawa an ɗaura su inda ba za su yi aiki ba. Abin bai tsaya ga asarar kuɗi ba, domin fitilar da aka ɗaura ba daidai ba tana kashe idon mai ita, tana kuma kashe idon wanda ke tahowa, alhali babu abin da ya raba motocin biyu sai zanen farin fenti. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda fitilar hazo take aiki, da iyakar amfaninta, da wurin da ya dace a ɗaura ta, gaba da baya.

HAZO IRI BIYU NE

Da kalma ɗaya Bahaushe yake kiran abubuwa biyu waɗanda asalinsu ya bambanta, saboda haka ya kamata mu raba su tun da farko. Na farko shi ne hazon ƙura, wanda iskar hunturu ke kawowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Maris. Babban tushen wannan ƙura shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani babban tafki ne. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi lallausar ƙasar da tafkin ya bari, ta yo kudu da ita. Na biyu shi ne hazon raɓa, watau ƙananan ɗigon ruwa da ke rataye cikin iska. Shi wannan yakan samu ne a daren da sama ta yi garau kuma iska ta kwanta, ƙasa ta saki zafinta, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi har danshin cikinta ya koma ɗigo. Don haka ne aka fi gamuwa da shi da asuba a fadamu da bakin koguna da gadoji. A kan tuddai kuwa, kamar na Jos da Mambila, gajimare ne da kansa yakan zauna a kan hanya da damina. Masana yanayi ba su kiran irin wannan hazo na sosai sai ganin mutum ya kasa kai kilomita 1.

Bambancin yana da muhimmanci ga direba. Hazon ƙura yakan game ƙasa ya yi kwanaki, amma galibi yakan bar wa mutum ganin ɗaruruwan mitoci. Hazon raɓa kuwa tsibi-tsibi yake zuwa, ana cikin tafiya sarari sai a gangara kwari a afka cikinsa. Ban da waɗannan akwai holoƙon farkon damina, da hayaƙin ƙonar daji, da ƙurar da babbar mota ke tayarwa a hanyar burji, da ruwan da ake yi kamar da bakin ƙwarya. A wajen haske dukansu ɗaya ne: ƙananan abubuwa ne barjat cikin iska, kowanne yana tare haske yana watsa shi ko'ina.

ABIN DA YA SA ƘARA WUTA KE ƘARA DUHU

Mai karatu zai iya gwada wannan da kansa. Ya shiga ɗakin da aka gama shara da dare, ƙura ba ta kwanta ba, ya riƙe tocila dab da kuncinsa ya haska bango. Zai ga hasken ya zama kamar sanda fara a gabansa, bangon kuwa dishi-dishi. Sa'an nan ya sauke tocilar zuwa gwiwarsa ya haska gindin bangon. Ƙurar tana nan yadda take, tocilar ma ita ce, amma yanzu zai fi ganin wurin da ya haska. Dalili shi ne, da farko idonsa yana duba ne ta cikin ƙurar da ya haskaka, kowace ƙwaya tana mayar masa da haske. A karo na biyu kuwa yana duba ne ta cikin iskar da ba a haska ba, ganinsa bai haɗu da hasken ba sai can kusa da abin da yake so ya gani.

Haka abin yake a mota. Doguwar wuta, wadda direbobi ke kira ful, tana tafiya ne miƙe, wani sashe nata ma yana yin sama, saboda haka tana haskaka dukkan hazon da ke tsakanin idon direba da hanya. Ido kuwa da bambanci yake gani, watau bambancin hasken abu da na abin da ke bayansa. Idan aka shimfiɗa farin labule a kan duka biyun, bambancin ya tafi, kome yawan hasken. Gajeriyar wuta, watau dim, ta fi dama-dama, domin an karkatar da ita ƙasa.

Akwai kuma wata asarar. Masana yanayi sun ƙayyade nisan gani da cewa shi ne tazarar da haske zai yi cikin hazo ya rage saura kashi 5 cikin 100 na ƙarfinsa. To, hasken fitilar gaba tafiya biyu yake yi, zuwa da dawowa. Ashe ke nan a hazon da ganinsa mita 50 ne, hasken da ya je ya sami jaki a mita 25 ya dawo, hazo kaɗai ya cinye kashi 95 cikin 100 nasa. Babu wata fitila da ke huda hazo, kome abin da mai sayar da ita ya faɗa. Iyakar abin da fitila mai kyau za ta yi shi ne ta rage hasken da ke komowa ido.

YADDA AKA ƘERA TA

Fitilar hazo ta gaskiya ana gane ta ne da siffar haskenta a jikin bango. Haskenta shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi dama da hagu, gajere daga sama zuwa ƙasa, kuma samansa a yanke yake kamar an ja layi da wuƙa: ƙasan layin haske, samansa duhu. Faɗin nan domin direba ya ga gefen kwalta da zanen tsakiya da bakin rami ne, yankewar kuwa domin kada haske ya tashi zuwa inda idonsa ke dubawa. Ƙa'idar wannan siffa tana cikin dokokin kayan mota na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka samo asali daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Janiba a 1958. Doka ta 19 ta shafi fitilar hazo ta gaba, ta 38 ta shafi ta baya, ta 48 kuma ta shafi wurin ɗaura fitilu a jikin mota. Ƙasashen Turai da waɗansu da dama suna bin su, kuma motocin da ake shigo mana da su daga can a kan wannan ƙa'ida aka ƙera su.

Fitilar da ke jefa haske dunƙule kamar na tocila, da dogon sandan nan mai jerin ƙananan ƙwayaye da ake kira LED wanda ya zama yayi, an yi su ne domin haska nesa a daji cikin daren da iska ke garau. A cikin hazo halinsu ɗaya da doguwar wuta, ko ma su fi ta ɓarna.

IYAKAR AMFANINTA

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin suna zaton wanda ya kunna fitilar hazo ya sami izinin ci gaba da gudu. Bari mu yi lissafi. Akan karkatar da fitilar hazo ƙasa da kimanin kashi 2 cikin 100, watau haskenta yana sauka da santimita 2 a kowace mita guda. Idan an ɗaura ta santimita 50 daga ƙasa, layin samanta zai taɓa kwalta a mita 25. Idan santimita 40 ne, a mita 20. Bayan nan ba ta haska kome.

Sai mu dubi tazarar tsayawa. Mu ɗauka direba yana buƙatar daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai birki, kwalta a bushe take, taya da birki kuma lafiyayyu ne. Mai gudun kilomita 30 a awa zai tsaya cikin kimanin mita 13. Mai gudun 50 yana buƙatar kimanin mita 28, mai 80 kimanin mita 57, mai 100 kuwa fiye da mita 80. Idan kwalta ta jiƙe, ko taya ta suɗe, ko direba ya kwana bisa hanya, tazarar ta fi haka. Ashe fitilar da iyakarta mita 25 ba ta da abin da za ta yi wa wanda ya wuce gudun kilomita 40 zuwa 45, domin kafin ta nuna masa abu ya riga ya makara. Jamusawa sun mayar da wannan doka: idan gani ya kasa mita 50, ba a yarda kowa ya wuce gudun kilomita 50 a awa ba, ko da a kan manyan hanyoyinsu ne.

Saboda haka amfanin fitilar hazo ta gaba shi ne ta nuna wa mai tafiya a hankali gefen hanya, ya samu ya lallaɓa har ya fita daga hazon ko ya kai inda zai tsaya. Wannan amfani ne na haƙiƙa, kuma wanda ya taɓa gangara kwari da asuba bai san inda kwalta ta ƙare ba ya san darajarsa. Amma a hazon hunturu na yau da kullum, wanda ake hangen mita 300 ko 500, gajeriyar wuta ta wadatar. Kunna fitilar hazo a daren da babu hazo kuwa cutarwa yake yi, domin idan gaban mota ya yi haske ƙwarai ido yakan saba da wannan hasken, ya rage ganin abin da ke nesa cikin duhu, alhali mai gudu abin da ke nesa ne zai kashe shi. Ya kamata a sani kuma, tun da aka inganta manyan fitilun gaba na zamani, wasu kamfanoni sun daina sa fitilar hazo ta gaba a sababbin motocinsu.

INDA AKE ƊAURA TA GABA

Daga misalin tocila za mu gane ƙa'ida ta farko, watau a nisanta fitila daga idon direba, a yi ƙasa da ita. Idon mai tuƙa ƙaramar mota yana wajen mita 1 da 'yan kai daga ƙasa, manyan fitilunsa kuwa suna wajen santimita 60 zuwa 70. Doka ta 48 ta ce kada fitilar hazo ta gaba ta yi ƙasa da santimita 25, kada kuma ta wuce santimita 80 a ƙananan motoci, sa'an nan ko ta yaya kada ta ɗara fitilar gajeriyar wuta tsawo. Wurinta ke nan cikin bamba ko dab da ƙarƙashinta.

Akan ji ana cewa dalilin yin ƙasa da ita shi ne wai hazo ba ya taɓa ƙasa, akwai sarari a ƙarƙashinsa. Hazon raɓa yakan ɗan ɗaga haka wani lokaci, musamman idan rana ta fara ɗumama ƙasa, amma ba abin dogara ba ne, ƙura da hayaƙi kuwa ba su barin wani sarari. Ainihin dalilin shi ne raba hanyar haske da hanyar gani. Wannan ne ya sa mafi munin wurin ɗaura fitila domin hazo shi ne kan rufi ko gindin gilashin gaba, domin daga nan hasken zai ratsa ta gaban idon direba ne kai tsaye.

Yin ƙasa ƙwarai shi ma yana da nasa aibin. Kamar yadda lissafi ya nuna, gwargwadon ƙasanta gwargwadon gajartar haskenta, kuma kowane ɗan tudu zai jefa doguwar inuwa a bayansa. Ga kuma halin hanyoyinmu na ramuka da tsakuwa da kududdufai, gilashi mai zafi kuwa idan ya tsunduma cikin ruwa yakan tsage. A ganina, tsakanin santimita 35 da 50 ya fi dacewa da ƙaramar motar da ke bin hanyoyin ƙasar nan.

Ƙa'ida ta biyu ta faɗi ce. Fitilun su zama biyu, tsawonsu ɗaya, launinsu ɗaya, kuma kowace kada ta yi nisan da ya wuce santimita 40 daga gefen mota. Hikimar ita ce mai tahowa ya gane faɗin abin da ke tunkarar sa. Fitila guda a tsakiya, ko biyu da aka matse wuri ɗaya, za su sa ya zaci babur ne, ko ya zaci motar tana nesa, ya fito wuce wani a lokacin da bai kamata ba. Ƙa'ida ta uku, a ɗaure ta a jikin ƙarfe mai ƙwari yadda ba za ta yi rawa ba, kada kuma ta tare lambar mota ko iskar da ke shiga lagireto.

SAITI DA HAƊA WAYA

Fitila mai kyau a wuri mai kyau, idan ba a saita ta ba, aikin banza ne. Saitin kuwa ba ya buƙatar kome sai bango da alli da abin awo. A tsayar da mota a daidaitaccen wuri, fuskarta mita 5 daga bango, tayoyi da isasshiyar iska, da mutum a kujerar direba. A auna tsawon tsakiyar fitilar daga ƙasa, a ja layi a bango daidai wannan tsawo, sa'an nan a ja wani layin santimita 10 ƙarƙashinsa. A kunna fitila, a juya kusar saitinta har yankakken saman haskenta ya kwanta a kan layin ƙasa. Wanda ya saba loda kaya a but ya tuna cewa idan baya ya zauna gaba yakan ɗaga, hasken ya tashi zuwa idon mutane.

Wajen waya kuma, ƙwan halojin na fitilar hazo galibi mai wat 55 ne. Biyu sun zama wat 110, wanda a motar da ke aiki da bolt 12 ya haura ampiya 9. Wannan ya fi ƙarfin siririyar wayar ƙananan fitilu, don haka mai gyaran wuta na ƙwarai yakan ja waya mai kauri daga batir, ya sa fis na ampiya 15 kusa da batir ɗin, ya bi da ita ta rile, makunni kuwa ya zama nata ne ita kaɗai, yadda za a iya kashe ta ba tare da an kashe sauran fitilu ba. Wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ba tare da fis ba, ita ce kan jawo gobara. Haka nan cusa ƙwan LED cikin kwanon da aka ƙera domin halojin yakan lalata yankewar nan ta sama, fitilar ta koma mai watsa haske ko'ina.

TA BAYA TA FI TA GABA

Abin da ya fi ban tsoro cikin hazo shi ne karo ta baya: mota ta rage gudu ko ta tsaya, na bayanta bai gan ta ba, na bayansa shi ma ya zo ya tarar. Maganin wannan ita ce fitilar hazo ta baya, ja ce mai ƙarfi, kuma mutane da yawa suna da ita a motarsu ba su sani ba. Doka ta 38 ta sa ƙarfinta tsakanin kandela 150 da 300, alhali mafi ƙarancin da aka yarda wa jar fitilar baya ta kullum kandela 4 ne. A motoci masu ƙwai na da, wannan mai wat 21 ce, waccan kuwa mai wat 5. Bugu da ƙari haskenta tafiya ɗaya yake yi, daga motar gaba zuwa idon na baya, ba ya zuwa ya dawo. Saboda haka ne a Turai aka wajabta ta baya, aka bar ta gaba ganin dama. A Ingila wajibi ce a kan motocin da aka fara hawa daga 1 ga Afrilu, 1980. Dokar Amurka kuwa ba ta wajabta ta ba, shi ya sa yawancin motocin da ake kawowa daga can ba su da ita.

Wurinta shi ne tsakanin santimita 25 da mita 1 daga ƙasa, kuma tazararta da fitilar birki ta wuce santimita 10, domin kada hasken ɗaya ya haɗiye na ɗaya. Ana sa biyu ko ɗaya. Idan ɗaya ce, sai ta kasance a tsakiya ko a gefen da ke kallon tsakiyar hanya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Gana ta biyo baya a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi su ma dama suke bi, saboda haka a waɗannan ƙasashe gefen hagu ne wurinta. Idan aka sa ta a dama, na baya zai ɗauka nan ne iyakar motar, ya nemi ratsewa ta hagunta kaɗan, ya tarar da sauran jikinta. Wanda ya ga fitila ɗaya ce ke kamawa a bayan motarsa kada ya ce ɗayar ta mutu, haka aka ƙera ta. Ana gane makunnan biyu da alamarsu a gaban direba: ta gaba koriya ce, ta baya ruwan ɗorawa, kowace da hoton fitila da wani lanƙwasasshen layi da ya ratsa haskenta.

RAWAYA KO FARA?

Mutane da yawa sun yi imani cewa rawayan haske ya fi ratsa hazo. Tushen wannan zance shi ne bayanin da masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi a 1871 a kan dalilin da ya sa sama take shuɗiya, watau ƙwayoyin iska sun fi watsa shuɗin haske a kan ja da rawaya. Amma wannan hukunci ya shafi ƙwayoyin da suka fi zangon haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Zangon hasken da ido ke gani bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, ɗigon hazon raɓa kuwa ya ninka haka sau da yawa. Irin waɗannan manyan ƙwayoyi, bisa lissafin da Bajamushe Gustav Mie ya fitar a 1908, kusan daidai wa daida suke watsa kowane launi. Shi ya sa hazo da gajimare suke farare.

Duk da haka rawaya ba ta rasa abin yabo ba. Mutane da dama sun fi jure ta, domin shuɗi-shuɗin da ke cikin farin haske shi ya fi damun ido. Faransa ta wajabta rawayan fitilun gaba da dokar 1936, ba ta janye ba sai 1993. Dokokin da muka ambata sun yarda da fara, sun yarda da rawaya. Abin lura shi ne, rawayan gilashi ko leda da aka liƙa wa farar fitila rage haske suke yi, kuma launi ba ya gyara fitilar da siffar haskenta ko wurinta ba daidai ba ne.

LOKACIN KUNNAWA DA KASHEWA

Ƙa'idar hanya ta Ingila ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: a kunna fitilun hazo idan gani ya kasa mita 100, watau kimanin tsawon filin ƙwallo, a kuma kashe su da zarar gari ya washe. Jamus ta fi tsanantawa a kan ta baya, ba a kunna ta sai hazo ya mayar da gani ƙasa da mita 50. Dalilin tsanantawar shi ne ƙarfinta ya yi daidai da na fitilar birki. Wanda ya bar ta kunne cikin gari ko cikin yayyafi yana kashe idon na bayansa, sa'an nan ranar da ya taka birki da gaske ba za a lura ba.

Kafin a kai ga sayen sabuwar fitila, akwai abubuwan da ba su cin ko kwabo. A wanke gilashin gaba ciki da waje, domin ƙurar hunturu da ta kwanta a kansa hazo ce ta biyu. A goge fuskar manyan fitilu da na baya. A kunna gajeriyar wuta ko da rana tsaka ne idan hazo ya sauka, domin a gan ka. Kada a manne wa jar wutar motar gaba ana bin ta, gama idan ta afka rami tare za a afka. Idan kuwa hanya ta gagara, a sauka daga kan kwalta gaba ɗaya kafin a tsaya, a kunna fitilun gargaɗi, a fitar da fasinjoji gefe. Ganyen da aka saba jerawa a kan hanya domin nuna mota ta lalace, cikin hazo ba mai ganinsa sai ya taka shi.

KAMMALAWA

Mun ga cewa fitilar hazo ta gaba tana da amfani, amma ga mai tafiya a hankali cikin hazo mai kauri, kuma sai an ɗaura ta ƙasa da manyan fitilu, biyu a gefe da gefe, an karkatar da ita ƙasa. Mun ga kuma cewa ta baya, wadda aka fi mantawa da ita, ta fi kusa da ceton rai, kuma a ƙasashenmu gefen hagu ne wurinta. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, takan yi gargaɗi a kan gudu duk lokacin da hunturu ya kama, lissafin da muka yi a sama kuwa ya nuna dalilin gargaɗin da alƙaluma. Zai yi kyau ƙungiyoyin direbobi da masu gyaran wutar mota su riƙa duba waɗannan fitilu a tasha kafin Nuwamba, tun da abin da ake buƙata bango ne da alli. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, amin.